Yadda ake gwada ko karyewar DNA ta tada garkuwar jiki

Garkuwar jiki ta asali, wadda ake haihuwar mutum da ita, ba ta tambayar DNA daga ina ya fito. Muddin ta same shi a wajen cibiyar ƙwayar halitta, sai ta ɗauka ƙwayar cuta ce ta shigo. Mai gadin wurin shi ne furotin cGAS, wanda Zhijian Chen da abokan aikinsa suka gano a Dallas ta Amurka a 2013. Da ya kama DNA sai ya haɗa sinadarin cGAMP, wannan ya tada wani furotin mai suna STING, ƙwayar kuma ta fara fitar da intaferon, sinadarin da ke faɗakar da garkuwar jiki. To, DNA ɗin mutum da ya karye, gyara bai yi kyau ba, shi ma yana iya jawo wannan kururuwa. Ga yadda ake gwadawa a ɗakin gwaje-gwaje.

Fara da zaɓen ƙwayoyin da za ka rena, don a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Ƙwayoyin HEK293T, wani nau'in ƙwayoyin ɗan Adam da ake renawa a ɗakin gwaji, suna da sauƙin reno, amma ba su da STING mai aiki, don haka kome ka yi musu shiru za ka ji. Wani nau'in, MCF10A, ya fi dacewa. Ka kuma tabbatar babu maikofilasma, wata ƙaramar ƙwayar bakteriya da ke gurɓata ƙwayoyin reno, a cikinsu, domin ita kaɗai tana iya ɓata maka sakamako.

Sai ka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ka bar shi yadda yake, ɗayan ka karya masa DNA da hasken radiyeshan. In babu injin, maganin etoposide yana yin aikin. Kada ka ce yawan haske shi ne yawan sakamako. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa in an wuce kimanin Gy 12 zuwa 18 (Gy ma'aunin yawan radiyeshan ne) a bugu ɗaya, ƙwayoyin daji kan ƙara samar da furotin TREX1, wanda ke cinye ɓurɓushin DNA kafin cGAS ya gan shi.

Bayan kamar awa ɗaya, yi rinin gamma-H2AX, alamar da ke bayyana a inda DNA ya karye, ka duba a madubin likita. Ɗige-ɗige masu haske a cibiya su ne shaidar karaya. Washegari ka sake dubawa; in sun ragu, gyara na tafiya.

Daga nan sai haƙuri, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Karaya takan faru nan take, amma intaferon yakan ɗauki kwanaki. Dalili kuwa, sai ƙwayar ta rabu biyu da karayar a jikinta, guntun kuromosom ya ware ya zama 'yar ƙaramar cibiya mai raunin bango. Bangon na fashewa, cGAS ya taru a kai. Ƙungiyar Roger Greenberg a Filadelfiya da ta Andrew Jackson a Edinbura ne suka bayyana haka a 2017. Saboda haka ka riƙa ɗiba kullum har kwana shida, ka yi rinin DAPI, mai haskaka DNA, tare da na cGAS, ka ƙirga ƙananan cibiyoyin.

Taruwar cGAS kaɗai ba hujja ba ce, domin yana iya manne wa kuromatin, wato DNA da furotin da ke naɗe da shi, ba tare da ya yi aiki ba. Auna cGAMP kansa, sannan ka auna aikin IFNB1, ISG15 da CXCL10, sassan gado da ke nuna amsar intaferon, da na'urar qPCR.

A ƙarshe, maimaita komai da ƙwayoyin da aka cire musu cGAS ko STING ta hanyar CRISPR, dabarar yanke sashen DNA da aka zaɓa. In amsar ta ɓace, ta wannan hanya ta biyo. Ka kuma ba wani kashi maganin da ke toshe CDK1, furotin da ke tura ƙwaya ga rabuwa biyu, don ka hana su rabuwa. In intaferon ya ci gaba da fita duk da haka, ka waiwayi maitokondiriya, sashen ƙwaya mai samar da kuzari, domin ita ma tana da nata DNA, kuma yana zubowa in ta jigata.