Firgicin da ya ƙi tafiya: yadda maganin zama da likita yake

Idan mutum ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga ko ya tsira a hatsarin mota, aka shige wata guda har yanzu baya iya barci, mugun mafarki kullum, ƙarar babur kaɗai ta sa jikinsa rawa, ya daina bin hanyar da abun ya faru, to wannan shi likitoci ke kira PTSD kuma wallahi yana da magani.

Farko a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato, da na tarayya a Maiduguri. Ku tambaya kai tsaye ko suna da wanda ya ƙware a maganin firgici ta hanyar tattaunawa, don ba kowane zama bane ke aiki, na musamman ne.

Yawanci sau ɗaya ne a sati, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zama 8 zuwa 15 haka. Akwai tsarin da Edna Foa, masaniyar halayyar ɗan adam, ta fito da shi a Amurka, za'a sa ka ba da labarin abun da ya faru dalla-dalla, ka maimaita ka sake maimaitawa har zuciya ta gane cewa tunawa ba shine faruwar abun ba, sannan a hankali ka fara komawa wuraren da kake gudu, in dai babu hatsari a yanzu. Tsarin wata masaniyar kuma, Patricia Resick, yana kama tunanin da ya maƙale ne, irin su "laifina ne, da ban fita ranar ba", a zauna a auna shi da gaskiya.

Ga inda mutane ke sarewa. Zaman farko-farko da nauyi, zaka iya jin kamar abun ƙaruwa yayi, don Allah kar ka gudu, faɗa ma likitan ya sassauta. Aikin gida da zai baka kuwa ka daure kayi shi, da shi sauƙin ke zuwa.

'Yan uwa ku kuma a daina "ka manta kawai, ai ya wuce". Ku raka shi, kar ku matsa sai ya baku labari. Addu'a da zuwa asibiti basa karo da juna. Kuma kar a siyo masa ƙwayar kwantar da hankali irin Valium a kemis, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ba da shawarar kar a ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba irin waɗannan ƙwayoyin. In ya fara zancen kashe kansa, a ranar za'a kai shi asibiti.