Kwamfutar da ake cire wa allo: kurakuran da ke kashe ta tun ba ta tsufa ba

Irin kwamfutar nan da allonta ke zaune kan gindi a tebur, in an ga dama a ɗage shi a tafi da shi kamar tabulet, ta fara yawa a hannun masu shaguna da ɗalibai a Kano, yawanci ta hannu ce daga Beirut Road ko Farm Centre. Matsalolin da ake kai wa masu gyara kuwa ba sa canzawa, kuma galibi mai ita ne ya jawo su.

Tun wajen saye ake fara ɓata rawa. Kala biyu ce, amma mutane na ɗaukar ta ɗaya. Akwai wadda komai nata yana bayan allon, gindin kuwa mazauni ne da wurin caji, irin Dell XPS 18. Sony Vaio Tap 20 ma komai nata yana bayan allon, sai dai ƙafar tsayawarta a jikinta take, ba ta da gindi na daban. Akwai kuma wadda kwamfutoci biyu ne aka haɗa. Asus Transformer AiO ta 2013 ita ce misali: Windows na cikin gindi, allon mai inci 18.4 yana da nasa Android. Da ka ɗage shi, fayilolinka sun zauna a shago. Ba za ka ga Windows ba sai ta Wi-Fi, shi ma sai gindin na kunne. Lenovo ThinkBook Plus Gen 5 Hybrid ta 2024 ma Windows a ƙasa take, Android a sama. Kafin ka biya, sa mai shago ya cire allon a gabanka, ka buɗe takardar da ka ajiye minti ɗaya da ya wuce.

Yanzu ga babban laifin, wanda ya fi kowanne cin kuɗi: barin allon a kan gindi dare da rana, jone da wuta. Malam, allon nan akwai batir a cikinsa, ba talabijin ba ne! Batirin litiyam abu biyu ya tsana, zama a cike ɗari bisa ɗari na tsawon lokaci, da zafi. A Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, ga shago mai rufin kwano, ga na'urar na fitar da nata zafin a sarari siriri. Sinadarin cikin batirin sai ya fara sakin iskar gas, ya kumbura, ya turo gilashin daga ciki. Alamar farko tabo ne rawaya ko fari a allon, sai taɓawa ta fara gardama, sai gefen gilashin ya ɗago har farce ya shiga. A nan ne wasu ke ƙara ta'asa, su danne shi da hannu, ko su liƙe da gam, ko su ɗora masa littattafai wai ya koma. Kada ka kuskura. Batirin da ya kumbura in ya huje wuta yake kamawa. Kashe na'urar, zare caja, ajiye ta kan siminti nesa da katifa da labule, a kai a canza shi.

Rigakafin bai kai minti biyar ba. A Surface ta kamfanin Microsoft, kashe ta, riƙe madannin ƙara murya, danna na kunnawa, za ka shiga UEFI, wato shafin saitin injin da ke buɗewa kafin Windows (wasu injina BIOS suke ce masa). Kunna Battery Limit, caji zai riƙa tsayawa a kashi 50. Lenovo na da Conservation Mode cikin manhajar Vantage, Dell kuma na da Primarily AC Use a BIOS na yawancin injinanta. In taka ba ta da ko ɗaya, ɗabi'ata ita ce a sauke allon daga gindi sau biyu a mako, a yi aiki da shi har ya sauko wajen kashi 40, da dare kuma a kashe soket. Wasu za su ce wannan wahala ce, ga wuta ba tabbas, gara a cika batir duk sanda aka kawo. To, ranar da za ka fita da shi ka cire iyakar ka cika. Sauran ranakun fa?

Sai fizge allo. Surface Book ƙugiya ce ke riƙe da shi, kuma lantarki ke sakinta. Danna madannin cirewa, jira ƙarar "ƙas", sannan ka ɗaga da hannu biyu, a miƙe. Ba ta saki in batir ya yi ƙasa sosai, ko in wata manhaja na amfani da katin hoto da ke gindi. Ka sa mata caji, ka rufe manhajar. Ƙarfi ba ya buɗe ta, lanƙwasa ƙugiyar kawai yake yi.

Da hunturu ƙura kan kwanta a kan 'yan ƙarafan mahaɗa, kibod ya ɗauke, ko caji ya riƙa zuwa yana yankewa, a ruga a ce ta lalace. Kashe ta, ɗiga sipirit kan audugar goge kunne, share su, bari su bushe. Ban da allura, ban da yawu.

Caja ba ta "kusan daidai": karanta volt da watt a jikin ta asali. Janareto kuwa, bari ya daidaita kafin ka jona, kuma ta stabilaiza.

Kada ka saya da niyyar ƙara RAM, a Surface a like take da madabod ɗin injin. Gigabait 4 yau takura ce, nemi 8 zuwa sama.

Vaio Tap 20 ta haura kilo 5. Ba abin runguma a Adaidaita Sahu ba ce, iyakarta daga tebur zuwa tabarma.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman Intel zubi na 8 zuwa sama da guntun tsaro na TPM 2.0. Injinan 2012 da 2013 duk sun faɗi a nan, haka Surface Pro ta 2017. Ta hannu kuma, shiga UEFI ko BIOS tun a shago: in ta nemi kalmar sirrin da mai shagon bai sani ba, ajiye masa kayansa.