Darasi na Bakwai: Yadda Ake Fara Rubutu a Dandalin Wallafa Maƙaloli na Intanet

Wanda ya iya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya kuma iya karanta saƙo a waya, ya riga ya mallaki mafi yawan abin da ake bukata kafin a wallafa maƙala a intanet. Abin da ya rage shi ne sanin halin dandalin da zai shiga, domin ba ɗaya suke ba. A dandalin Medium, wanda Evan Williams ya kafa a 2012, kowa yana wallafa maƙala da sunansa, kuma rubutun yana nan a matsayin mallakarsa. Wikipedia kuwa, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka fara a 2001, tana da sashen Hausa, amma a can maƙala ba ta mutum ɗaya ba ce, kowa yana iya gyara abin da wani ya rubuta. Akwai kuma dandalolin da sai edita ya duba rubutu ya amince sannan ya fito.

Yin rajista ba shi da wahala. Yawanci za a nemi adireshin imel da sunan da za a san ku da shi da kalmar sirri, sannan a turo muku saƙon tabbatarwa. Ku zaɓi sunan da ba za ku ji kunyar a kira ku da shi ba, kada kuma ku faɗa wa kowa kalmar sirrinku.

Inda na fi so ku tsaya ku natsu shi ne ƙa'idojin dandali. Sababbin marubuta kan tsallake su saboda ɗoki, alhali can ne aka bayyana tsawon maƙalar da ake karɓa, da batutuwan da aka hana, da wanda zai mallaki rubutun bayan an wallafa shi. A Wikipedia, alal misali, ba a karɓar ra'ayin marubuci, ana son kowane bayani ya dogara da majiya da aka riga aka wallafa, kuma duk abin da kuka rubuta yana shiga ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa izinin sake amfani da shi muddin ya ambaci inda ya samo, ya kuma saki abin da ya samar daga gare shi a ƙarƙashin irin wannan lasisin. Idan karatun ƙa'idojin ya yi muku nauyi, ku nemi wanda ya fi ku ƙwarewa ku karanta tare, babu abin kunya a ciki.

Maƙalar farko ta zama gajeriya, a kan abin da kuka sani da kyau, kamar sana'arku. Kada ku kwafo rubutun wani ku sa sunanku a kai, wannan satar fasaha ce, tana iya sa a goge maƙalar ko a rufe rajistar mutum gaba ɗaya. Haka hoto ma yana da mai shi, ganinsa a intanet bai halatta ɗaukarsa ba.

Ku kula da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin kafa daban take da ƙafa, baki daban yake da baƙi. Manhajar Gboard tana da madannai na Hausa da ke ɗauke da waɗannan haruffa. Kafin ku tura, ku ajiye rubutun a matsayin daftari, ku karanta shi da ƙarfi, kunne kan kama kuskuren da ido ya wuce. Idan edita ya dawo da shi da gyara, ku gyara ku sake turawa cikin ladabi.

Aikin gida: kowa ya zaɓi dandali ɗaya, ya karanta maƙaloli uku da ke cikinsa, sannan ya rubuta jimloli goma a littafinsa kan batun da zai fara da shi, ya kawo darasi mai zuwa.