Yadda ɗalibin likitanci zai sa majinyaci ya saki jiki da shi

Rabin gano ciwo yana bakin mai ciwon, kuma ba zai faɗa maka gaskiya ba sai ya natsu da kai. Don haka kafin ka buɗe fayil, yi sallama, ka gaishe shi, ka tambayi jiki. Dattijo ka ce masa Baba ko Malam, dattijuwa Mama ko Hajiya. Kada ka kira mutum da lambar gado. Faɗa masa cewa kai ɗalibi ne, ka nemi izininsa, ka ja labule, ka jawo kujera ka zauna. Wanda ka tsaya a kansa gajeren bayani zai ba ka.

Fara da "Me ya kawo ka asibiti?" sannan ka yi shiru kamar minti ɗaya ko biyu. Nan ɗalibai suka fi yin kuskure, suna katse mutum da tambayoyin i ko a'a. Idan ya ce basir, shawara ko sanyi, kada ka rubuta sunan cuta. Tambaye shi me yake gani, domin basir a bakin wani jini ne a bayan gida, a bakin wani kuma ciwon baya ne ko raunin mazakuta. Idan kwanan wata ya ɓace masa, auna da azumi, babbar salla ko faɗuwar damina.

Kunya tana ɓoye abubuwa da yawa. Mace ba za ta yi maganar al'ada ko ɓari a gaban uwar miji ba, sai ka roƙi 'yan rakiya su ɗan ba ku wuri, amma ma'aikaciyar jinya ta zauna, musamman lokacin duba jiki. Wata uwar ba ta ambaton sunan ɗan fari, kada ka matsa mata.

Maganin gargajiya kuwa, tambaya za ka yi ba faɗa ba: "Me aka gwada a gida kafin ku zo?" Da ka ɓata fuska, ba za ka ji labarin jiƙon da ya sha ba, alhali wani jiƙon yana iya taɓa ƙoda ko hanta.

Idan ya tambayi sakamakon gwaji, ka ce za ka kira babban likita, kada ka yi hasashe. Kafin ka tashi, sa shi ya maimaita da bakinsa yadda zai sha magani. In ka ce za ka dawo da la'asar, ka dawo.