Yadda za ka riƙe kanka bayan an naɗe tabarmar makoki

Kwana ukun farko gida cike yake: masu gaisuwa na ta "ya haƙuri?", maƙwabta na aiko da kwanukan abinci. Nauyin rashi kan sauka ne bayan kowa ya watse, ka ga takalman mamacin a bakin ƙofa inda ya cire su.

Da farko, ka bar hawaye su zuba. Yana damuna in ji ana ce wa mai kuka ba shi da tawakkali. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Kururuwa da marin fuska da yaga tufafi ne aka hana.

Na biyu, ka sa wani abu a ciki ko da kunu ne. Maganin barci kuwa sai da izinin likita.

Na uku, ka nemi mutum ɗaya, aboki ko gwaggo ko liman, wanda zai saurare ka ba tare da ya katse ka da wa'azi ba. Ku ambaci mamacin da sunansa, ku tuna halayensa, ku yi masa addu'a. Mai takaba ta fi kowa buƙatar wannan: wata 4 da kwana 10 take yi, alhali ƙafar dangi kan ɗauke tun kafin arba'in.

Na huɗu, ka lura da kanka. Idan an haura wata 6 har yanzu begen mamacin ya hana ka sana'a da shiga mutane, ga zargin kai da rashin barci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan a matsayin lalura mai magani. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. In sun yi maka nisa, fara da asibitin kusa, su tura ka. Tafi da ɗan uwa, ka faɗi yaushe aka yi rasuwar da yadda kake kwana. Sau da yawa zaman tattaunawa ne ake fara yi, ba allura ba.

Idan tunanin kashe kai ya zo maka, kada ka jira wata 6. Faɗa wa wani yanzu, kada a bar ka kai kaɗai, a kai ka asibiti yau.