Kurakuran da aka fi yi a shigar zuwa ofis

Kuskuren da na fi gani a ofisoshin Kaduna shi ne zuwa aiki da kayan biki. Mutum zai shigo ranar Talata cikin babbar riga mai nauyin aiki, shadda ta sha sitati tana ƙyalli, sannan ya wuni yana saɓa hannun riga a kafaɗa kafin ya iya taɓa kwamfuta. Mata kuma sukan zo da leshi mai duwatsu ko ankon da aka sa a ƙarshen mako. Abin da ya dace shi ne kaftani na yadi marar hayaniya mai ɗan aiki a wuya da hular da ta shiga da shi, ga mata kuwa doguwar riga ta atamfa ko abaya marar ado da yawa, tare da mayafin da ba zai riƙa zamewa yana kwaso takardu ba. A ajiye babbar riga sai Juma'a ko ranar taro.

Wasu kuma wajen sassauta shiga suke wuce gona da iri, su zo da jallabiya ko rigar ƙwallo da silifa. Waɗannan kayan gida ne.

Ga masu sa shat da wando, matsalar ita ce awo. Babu abin kunya a sayen gwanjo a Kasuwar Barci, domin akan dace da kaya masu kyau ƙwarai, amma a kai wa tela ya rage kafaɗar da ta zubo da ƙafar wandon da ke jan ƙasa, sannan a yi guga.

Yanayi ma ana mantawa da shi. A zafin Maris da Afrilu yadin roba yana riƙe gumi, saboda haka auduga ta fi. Da hunturu kuwa, wanda ya hau Keke Napep zuwa ofis cikin fararen kaya zai iso da ƙura a wuyan riga, baƙin takalminsa sau-ciki ya yi furu-furu. Launi mai ɗan duhu da ƙaramin buroshi a aljihun tebur sun isa maganin wannan.

Sai turare, wanda kunya ke hana abokan aiki yin magana a kansa. Humrar da ke da daɗi a ɗakin amarya takan hana wani numfashi a ofishin da aka rufe tagogi, musamman mai fama da asma, don haka a shafa kaɗan tun daga gida.