Tsila da rashin cin abinci: inda ake yawan yin kuskure

Mutane da yawa sun ɗauka mai tsila kullum cikin yunwa yake, yana ci ba ya ƙiba. Daga wannan zaton kuskure yake farawa. Da yawa daga masu tsila ba sa jin komai. Wasu kuma abincin ne yake fita musu a rai, ga tashin zuciya, ga ciwon ciki sama-sama, ga rama a hankali.

Shi ya sa idan yaro ya daina cin abinci ba mai kawo tsila a ransa, sai a garzaya kemis a sayo maganin sa cin abinci. Irin waɗannan magunguna, musamman masu sinadarin cyproheptadine, suna kawo yunwa da barci, amma ba sa taɓa tsutsar. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin a kan haka ake ɓata watanni. Zazzaɓin cizon sauro da taifod da tarin fuka da ciwon hanta duk suna hana cin abinci, saboda haka idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a je asibiti a gano dalili.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar duk tsutsar ciki a matsayin abu ɗaya. A sha albendazole ko mebendazole ƙwaya ɗaya a ce an wanke ciki. Waɗannan suna aiki sosai a kan macijin ciki, amma sha ɗaya ba abin dogaro ba ne a kan tsila. Maganinta praziquantel ne ko niclosamide, kuma na farkon likita ne ke auna shi gwargwadon nauyin mutum. Wanda ya taɓa farfaɗiya ko yake fama da ciwon kai mai tsanani ya faɗa wa likita kafin ya sha, saboda 'ya'yan tsilar alade suna iya zama a ƙwaƙwalwa, kuma maganin yana iya tayar da ciwon. Kada wani ya ce ai shi ba ya cin alade. Ƙwanta na shiga ta gurɓataccen abinci ko ruwa.

Sai kunya. Mutum ya ga wasu abubuwa farare masu faɗi kamar gutsattsarin taliya a bayan gida ko a wandonsa, har suna motsi, ya yi shiru. Gaɓoɓin tsila ne, kuma su ne shaida mafi ƙarfi. A saka a kwalba mai murfi a kai ɗakin gwaji. Idan gwajin bayan gida na farko bai nuna komai ba, a maimaita a ranaku daban-daban har sau 3, domin ba kullum ƙwan ke fitowa ba.

Fitar doguwar tsutsa ma ba ta nufin an warke. Tsilar naman shanu kan kai mita 5 ko fiye, kuma muddin kanta yana maƙale a hanji za ta sake tsirowa. A koma gwaji bayan wata 3.

Daga nan a duba inda aka samo ta. Tsire ko balangun da cikinsa ke da ja-ja, a mayar wa mai nama ya ƙara gasawa. Shanu kuwa daga kashin mutum suke ɗauka, idan ana bahaya a wurin kiwo.